Ƙafar da Muka Adana Saboda Makka

Makon jiya 'yata ta kai ni asibiti saboda gwiwar nan da ta sa ni gaba. Likitan yaro ne, irin wanda a da sai in aike shi sayen ashana, amma ya jawo kujera ya zauna kusa da ni ya ce, "Mama, ke a ganinki me zai taimaka miki ki riƙa samun barci? Wane motsi ne jikinki yake so, wane ne ba ya so?" Na buɗe baki zan ba shi amsa, ni da aka sani da surutu tun ina 'yar firamare, sai magana ta maƙale. 'Yata ta ɗauka ciwon ne ya motsa. Ba ciwon ba ne. Tambayar ce ta zo a makare da shekara ashirin da ɗoriya, ta kuma zo wa wadda ba ita ya kamata a yi wa ba. Innata ce mai amsarta. Ta faɗe ta ya fi a ƙirga ba tare da an tambaye ta ba, kuma ni ce kan gaba a cikin waɗanda suka toshe kunne.

A Agege aka haife ni, a wani gidan haya mai ɗakuna a jere suna kallon juna, bayan layin dogo. Yaran yanzu da suka tashi suka tarar da gadar sama da katangar da aka yi wa layin jirgi ba za su gane abin da nake nufi ba in na ce layin dogo shi ne titinmu. A kansa ake kasa tumatir da barkono, a kansa ake gaisawa, a kansa ake faɗa. In jirgi ya yi kuka daga nesa kowa ya suri tirensa ya koma gefe, yana wucewa a mayar da kaya a ci gaba da ciniki daga inda aka tsaya. Abin da yake tashina da safe kuwa ba kukan jirgi ba ne, ba kuma yaran motocin haya na danfo masu ihun kiran fasinjan Oshodi ba, turmin Inna ne. Fura take yi tun da mahaifinmu, mai fataucin goro, ya rasu ya bar ta da mu biyu, ni da Yayana. Ta surfe gero, ta daka shi da citta da kanumfari, ta dafa, ta kirɓa, ta cura, ta jera a ƙwarya. Hantsi na yi ta ɗora a ka, ta bi layin dogo da ƙafa har mayanka, inda mahauta da dillalan shanu da masu fatu suke jiranta. Ranar da ba makaranta nakan bi ta da ludaya a hannu, ina tsallake katakon layin ɗaya bayan ɗaya, ina haki, ita kuwa ko waiwaye. Ban taɓa ganinta a danfo ba. Cewa take ƙwarya ba ta shiga mota.

Barcinta kuma abin labari ne a gidan. Tana idar da sallar isha'i ta shimfiɗa tabarma, kafin ka ce kwabo ta tafi, sai asuba. An taɓa yin bikin Yarabawa a ƙofar gidanmu, makaɗa suka kwana suna abu ɗaya, da safe matan gida suna ta ƙorafi da jajayen idanu, Inna ta ce, "Wane biki?" Aka yi ta mata dariya har sati. In an tambaye ta sirrin sai ta ce, "Barci ladan gajiya ne, wanda bai yi aiki ba ba a biyansa." Yau ga ni nan da katifa mai taushi da fanka a kaina, ina juyi ina sauraron janaretan maƙwabta, kullum sai wannan maganar ta faɗo mini.

Gwiwar ta fara damunta ne a shekarar da sojoji suka koma bariki, ana ta murnar farar hula sun karɓa. Lokacin aurena na fari ya mutu, na dawo gabanta da zama. In za ta tashi daga sujada sai ka ji ƙas, ta dafa bango. Da safe ƙafar takan sandare, ta gasa ta da tsumma da ruwan zafi, ta shafa man kaɗanya, ta ɗan zagaya tsakar gida tana ɗingishi. Amma ba ta fasa zuwa mayanka ba ko rana ɗaya. Na yi mata magana, ta ce, "Auta, gwiwar nan da safe take fushi. In na lallaɓa ta muka kama hanya, kafin mu wuce masu burodi ta huce." Ni kuwa na ɗauki wannan a taurin kan tsofaffi.

A wannan tsakanin Allah ya buɗa wa Yaya. Shi da ya fara da dakon nama a ka, sai ga shi yana kai naman shanu manyan otal-otal, ya sayi mota, ya kama mana gida a saman bene hawa biyu. Ya kuma yi abin da Inna ta shekara talatin tana roƙon Allah a kai, ya biya musu kujerar Makka shi da ita, tafiya shekara mai zuwa. Ranar da ya faɗa mata ta shiga ɗaki ta yi ta kuka. Tun muna yara, in ta gaji, abin da take cewa ke nan: "Allah ka kai ƙafar nan Ɗakinka ta zagaya kafin ka karɓe ta." Ba ta da wani buri a duniya da ya wuce wannan, kuma duk mun sani.

Bakin mutane ne ya fara ɓata lamarin. Wani a majalisarsu ya ce wa Yaya, cikin raha, "Yau na sha furar tsohuwarka a mayanka, tana jan ƙafa. Kai kuma ga ka a mota." Yaya ya dawo gida fuska a murtuke, ko abinci bai ci ba. Ba a jima ba kuma aka yi tashin hankalin nan a kasuwar Mile 12, Hausawan Legas kowa ya shiga taitayinsa, in naka ya fita sai ya dawo hankalinka yake kwanciya. Sai muka zauna ni da shi muka yanke shawara, ba da ita ba. Hujjarmu a lokacin ta yi mana kyau ƙwarai. Muka ce ƙafa kamar takalmi ce, yawan takawa ke cinye ta. Tunda 'yar kaɗan ta rage, a adana ta saboda ɗawafi da Safa da Marwa. Shekara guda ta huta, ta je Makka da sabuwar ƙafa. Duk wanda muka faɗa wa sai ya sa mana albarka, ya ce haka 'ya'yan kirki suke yi, su hutar da iyayensu.

Inna ta ce, "To ku bar ni in riƙa zuwa ko ba ƙwarya, in gaisa da mutane in dawo." Yaya ya durƙusa ya ce, "Inna, ki yi haƙuri ki rufa mini asiri." Shi ke nan ya kashe bakinta, don ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta yi jayayya da shi. Sai da ya fita ta dube ni ta ce, "Auta, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo." Na ce, "Inna ke dai ba ki son hutu, wahala ta zame miki jiki." Allah ya yafe mini wannan baki nawa. Ni na ɗauki turmin na ba wa maƙwabciyarmu ta tsohon gida. In ta ɗauki tsintsiya in karɓe. In ta miƙa hannu za ta ɗauki buta na riga ta, in kawo mata ruwan alwala har bakin gado da roba. Ina yi ina jin daɗi, ina ganin lada nake kwasa buhu-buhu.

Barcin ne ya fara tafiya. Da rana sai ta yi ta gyangyaɗi a gaban talabijin, tana kallon mutanen da ba ta jin abin da suke cewa. Dare na yi ido ya bushe. Ɗaki ɗaya muke kwana, ina jin ta tana juyi, ta miƙe ƙafar, ta naɗe, ta sa matashi a ƙarƙashi, ta cire, carbi yana ƙas-ƙas a hannunta har a kira sallah. Muka sayo ƙwayoyi a kyamis, na ciwo da na barci, su yi aiki kwana biyu su daina. Wata safiya ta ce mini, "Ba ciwon kaɗai ke hana ni barci ba. Jikin da bai yi komai ba, me zai huta? Ki bar ni ko shara in yi." Na ce ta sha maganinta, sauran wata nawa ne a tafi.

Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa muka kai ta asibiti. Aka ɗauki hoton ƙashi, aka ce guringuntsin gwiwar ya zaizaye, amosanin gaɓɓai ne irin na girma. Daga nan aka tura mu ɗakin masu gashin ƙashi, wurin wata mata 'yar Gabas, ba ta jin Hausa ba ta jin Yarabanci, sai Turanci. Inna kuwa Yarabancin kasuwa kawai ta iya, don haka ni ce tafinta. Yaya yana waje a mota. Matar ta tambaye ni wane aiki Mama take yi a gida. Na gyara zama na ce da alfahari, ba ta komai, mun hutar da ita. Ta cire tabarau ta dube ni, kallon da har yau ina tuna shi. Ta ce kuskure ne babba. Ta ce naman cinya shi ke riƙe gwiwa, in aka zauna sai ya saki, ciwon ya ƙaru. Ta ce Mama ta riƙa tafiya kullum a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, kaɗan-kaɗan tana ƙarawa, ta yi 'yan aikace-aikacenta, ta daina barcin rana, na dare zai dawo. Har ta miƙe tsaye tana taka ƙasa a gabanmu, ta zauna ta ɗaga ƙafa ta sauke, tana nuna yadda za a yi.

Ina sauraronta raina yana ɓaci. Na ce a zuciyata wannan ba ta san al'adarmu ba, so take a mayar da uwata titi mutane su zage mu. Ta ina zan fita in ce wa Yaya duk abin da muka yi wata biyar kuskure ne? Amma in zan faɗi gaskiya tsakanina da Allah, abin da ya fi ci mini rai shi ne maganar matar ta zo daidai da ta Inna, ni mai boko na zama wawuya a gaban tsohuwar da ba ta san bihim ba. Inna ta taɓa ni ta ce, "Me ta ce?" Na ce, "Ta ce ki huta, ki daina wahalar da ƙafar." Ta dube ni, ta dubi matar, ta ce, "To, ki ce mata na gode." Yaya ma abin da na faɗa masa ke nan a mota, ya ce ai dama.

Watanni suka shuɗe. Cinyoyinta suka zube, zani yana yi mata yawa. Ta koma sallah a zaune. Ranar da ta fara kasa kai goshinta ƙasa ta juya mini baya don kada in ga hawayenta, na gani na yi kamar ban gani ba. Daga tagar benen tana hango layin dogo, in ta ga mata da kaya a ka sai ta bi su da ido har su ɓace. Aka yi azumi, aka yi sallah, tela ya kawo ɗinkin kayan alhazai. Yaya ya ɗauko wani malami ya zo yana koya mata aikin Hajji, ya ce zagaye bakwai a Ɗakin Allah, sannan kai da kawowa bakwai tsakanin Safa da Marwa. Yana fita ta ce, "Auta, kama ni in tashi." Na kama ta. Daga bakin gado zuwa ƙofar ɗaki sai da muka tsaya sau biyu, tana haki, jikinta yana rawa a hannuna. Matar da nake bi a guje a kan layin dogo. A nan ne na gane abin da muka adana ya lalace a ajiye.

Na zaunar da ita, na durƙusa, na faɗa mata komai. Na ce, "Inna, na yi miki ƙarya a asibiti. Matar nan cewa ta yi ki riƙa tafiya." Na zaci za ta yi faɗa ko ta yi kuka. Ko gezau ba ta yi ba.

"Na sani," in ji ta.

"Kin sani?"

"Ba na jin Turanci, amma ina da ido. Mace ta miƙe tana taka ƙasa a gabana, ke kika ce wai hutu take nufi."

"To me ya sa ba ki yi magana ba?"

"In ƙaryata ki a gaban baƙuwa? Mun dawo gida kuma in haɗa ki da yayanki? Na ce wataƙila wata rana za ki faɗa da kanki. Ban ɗauka za ki daɗe haka ba."

Kara ta yi mini, ta biya da ƙafarta. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Daga ranar muka fara. Bayan asuba da bayan la'asar in riƙe ta mu bi barandar benen, taku goma, mu huta, taku goma. Na hana ta gyangyaɗin rana, in ta fara sai in miƙo mata wake ta tsince. Na mayar mata da tsintsiya tana shara a zaune, daga baya a sunkuye. Cikin sati biyu ta fara kai ƙarshen baranda ta dawo ba tsayawa, wani dare kuma na farka na ji shiru, na tashi a tsorace na haska ta, ashe barci take. Da safe ta ce, "Kin gani?" Na faɗa wa Yaya gaskiya shi ma, ya yi kwana uku ba ya amsa gaisuwata, sannan ya fara zuwa da yamma yana riƙe mata ɗaya hannun. Muka sa rai. Sai dai abin da aka yi shekara ana rushewa ba ya ginuwa a wata guda, kuma ita tana ƙirga kwanakin tafiya fiye da mu. Kullum maganarta ita ce baranda ba ƙasa ba ce, sai ta sauka ta taka ƙasa za ta san inda ta kwana. Ina ce mata ta bari sai an ƙara kwana biyu.

Wata safiya ina wanke-wanke a kicin na ji faɗuwar abu, sannan muryar matar da ke zaune a ƙasan benen tana kiran sunana. Inna ta lallaɓa ita kaɗai ta kama matakala. Uku ta sauka, a ta huɗu gwiwar ta lanƙwashe. Ƙashin ƙugu ya tsage. A asibiti Yaya ya yi ta roƙo, ya ce ai a can akwai masu ɗaukar tsofaffi a kan katako su zagaya da su. Likita ya ce maganar ɗawafi ma ba ta taso ba, zaman jirgi kaɗai ba za ta iya ba. Inna tana kwance tana jin mu. Ta ce, "A ba wa Auta kujerar." Na ce wallahi ba zan je ba, da wane ido zan kalli Ɗakin Allah? Ta ce, "Da wanda kika kalle ni da shi. Kujera ba ta tafiya babu kowa. Ki je." Yaya ya yi ta zirga-zirga har aka sauya suna, matarsa ta karɓi jinya, aka rage mini ɗinkin kayan da aka yi wa uwata.

Na je. Ba zan ce ban ji abin da kowane Musulmi yake ji ba in ya yi ido biyu da Ka'aba, amma ni a tsakanin Safa da Marwa na yi kukan da ban taɓa yin irinsa ba. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, mai sanyi, ba rami ba tudu sai ɗan hawa a ƙarshe. Na ga tsofaffin da suka girmi Inna nesa ba kusa ba, wasu a duƙe, wasu da sanda, wata tana jan ƙafa ɗaya tana dafa kafaɗar 'yarta. Su yi taku kaɗan su jingina da bango su huta, su ci gaba. Kuma suna gamawa. Ni na gama nawa ko gumi ban yi ba.

Da muka dawo gida ya cika, ana ta barka da sauka, ana rabon dabino da zamzam da carbi. Na tarar da Inna ta ƙara ramewa, a kwance, an jingina ta da matasai. Ta karɓi zamzam ta sha, ta sa mini albarka a gaban mutane. Sai bayan la'asar da ɗakin ya ɗan yi sauƙi ta yafito ni, na zauna a bakin gado.

"Ki faɗa mini gaskiya," ta ce. "Da ƙafata ta wancan lokacin, kafin ku zaunar da ni, da zan iya?"

Wata ƙaryar ta zo mini har bakin harshe, mai sauƙi, mai kama da tausayi. In ce mata akwai nisa, akwai cunkoso, ko masu lafiya da ƙyar suke sha. Na haɗiye ta.

"Da kin iya, Inna. Da ke za ki riƙa tsayawa kina jirana."

Ta ɗaga ido ta kalli rufin ɗaki. Sannan ta gyaɗa kai a hankali.

"Haka nake zato. So nake dai in ji daga bakin wanda ya je." Ta ja mayafi ta rufe ƙafafunta. "Tashi ki je, baƙi suna jiranki, Hajiya."

Ta yi shekara guda da 'yan watanni bayan nan, ba ta sake sauka daga benen nan da ƙafarta ba. Ban san ko girmamawa ce ba, ban kuma taɓa samun ƙarfin halin tambayarta ba, amma daga wannan yammacin har ta koma ga Mahaliccinta ba ta sake kirana Auta ba.